Hawan Chappal Waddi a ƙarshen damina: a tafi ko a dakata?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsaunukan Mambila da Gashaka. Ni da wasu abokan aikina mun ɗaura niyyar hawa Chappal Waddi, wanda wasu suke kira Gangirwal, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mai mita 2,419. Burinmu shi ne hantsin ranar 1 ga Oktoba ya same mu a ƙololuwarsa, mu ɗaga tuta, mu yi wa ƙasa addu'a. Mun tsara mu tashi daga Kano mu kwana a Jalingo, mu bi ta Bali da Serti, mu hau Mambila ta Mayo Selbe har Nguroje, daga nan mu nemi abin hawa zuwa Njawai, inda za mu kama tafiyar ƙasa. Hawan dutse ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin mun hau Kufena, mun kuma hau duwatsun Shere na Jos. Abin da ya sa ni tambaya shi ne an ce mani a wannan lokaci hanyar duk fadama ce da laka, alhali ni a hoton taswirar da ke wayata ba na ganin komai sai tudu da ciyawa. Shin fadamar nan har ta kai ta hana tafiya?

Ɗan Serti:
Wa alaikumus salam. Malam Baban Hafsa, matambayi ba ya ɓata, kuma ka kyauta da ka tambaya tun kafin ku ɗaura kaya. Amsata a taƙaice ita ce ku ɗaga tafiyar. Kufena da Shere duwatsu ne masu tauri, inda ƙafa ta taka nan take tsayawa, wahalarsu numfashi ce da gwiwa. Ƙasar da za ku ratsa kafin ku kai gindin Chappal Waddi dabam ce. Tudu ne bayan tudu, kuma tsakanin kowane tudu da ɗan'uwansa akwai kwari, a cikin kwarin akwai ƙorama ko fadama. Damina a can tana farawa tun wajen Afrilu, ba ta ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba ko ma cikin Nuwamba, wato a ranar da kuka zaɓa ƙasa ta sha ruwan wata shida, ba ta da sauran wurin da za ta zuba wani.

Tun kafin a kai ga tafiyar ƙasa ma akwai magana. Hanyar da ta bar kwalta daga Nguroje jar ƙasa ce mai santsi, shi ya sa har yau tsofaffin motocin Land Rover da 'yan acaɓa ne suke riƙe da ƙauyukan nan. Idan aka kwana ana ruwa, babur ɗin da ya ɗauko ka kai ne za ka sauka ka tura shi a hawa, sai ka isa Njawai da gajiyar da ka yi tanadinta domin dutse.

Sarkin Yawo:
Yaya Ɗan Serti, ina girmama saninka da wurin, amma ban yarda da cewa a ɗaga ba. Wanda ya je Mambila a watan Janairu ya san abin da ake gani: bujin hunturu ya rufe sararin sama, an ƙone ciyawa, tudun ya yi baƙi ƙirin, ka sha wahala ka hau har sama amma ba ka hangen komai. A ƙarshen damina kuwa ƙasa kore shar, sama a wanke, idan gajimare ya yaye ana hangen tsaunukan Kamaru. Wannan ne abin da ake zuwa gani. Laka kuma ba ta kashe mutum. A ƙasar Sikotilan mutane suna ratsa fadamun tsaunukansu rani da damina, ba su fasa ba. Yanzu kuma akwai na'urar nuna hanya a cikin waya, tana aiki ko babu sabis. A sauke taswira, a ja layi daga inda ake zuwa ƙololuwa, a sa takalmin roba a bi layin. Ban ga abin tsoro ba.

Malamin Labarin Ƙasa:
Ɗana Sarkin Yawo, maganarka a kan kyawun ƙasa gaskiya ce, amma layin da kake so a ja shi ne ainihin abin da nake jin tsoro, don haka bari in yi bayanin yadda fadamar tsauni take.

Tudun Mambila yana kan tsayin kimanin mita 1,600, ruwan sama yana da yawa, kuma akwai sanyi. Inda ruwa ya kwanta a ƙasan kwari iska ba ta shiga cikin ƙasa, sanyi kuma yana rage saurin ruɓewar ganye, saboda haka matattun ciyayi suna taruwa shekara da shekaru su zama baƙar laka mai laushi. A samanta sai sabuwar ciyawa ta fito, saiwoyinta su saƙu da juna. Abin da ido yake gani fili ne lafiyayye, amma kamar tabarma ce aka shimfiɗa a kan ruwa. Takun farko za ka ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashinka, na biyu ko na uku ta huje, ka tafi har gwiwa, wani wuri har ƙugu. Hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko ba ya bambanta wannan wuri da busasshen fili, hasali ma wurin da ya fi kore da shimfiɗuwa, wanda ya fi jan hankalin baƙo, shi ne ya fi zurfi. Layi miƙaƙƙe daga tudu zuwa tudu dole ya ratsa ƙasan kowane kwari. Mutanen wurin kuwa doron tudu suke bi, su yi zagaye mai nisa, su tsallaka ƙorama a inda ƙasanta yake da tsakuwa. Baƙo yana ganin ƙololuwa a gabansa, jagora ya juya da shi hagu, sai ya ɗauka ɓata masa lokaci ake yi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Batun Sikotilan kuma, dutsensu mafi tsayi, Ben Nevis, mita 1,345 ne, kuma suna da ƙungiyoyin ceto na masu aikin sa kai, ga jirage masu saukar ungulu da ake kira idan abu ya ɓaci. Wanda ya yi targaɗe a bayan Njawai, kafaɗun mutane ne za su sauko da shi, ta cikin fadamar da ya shiga da ƙafafunsa.

Akwai kuma wani abu na tarihi da ya kamata Baban Hafsa ya sani, tunda saboda ranar ce yake gaggawa. A ranar 1 ga Oktoba 1960 wannan dutse ba ya cikin Najeriya. Da can yankin yana cikin Kamarun da Jamus ta mallaka, har yanzu akwai kufan sansaninsu a kan tudun Gashaka. Bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, daga baya ya zama ƙasar amana ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Najeriya, aka haɗe ranar 1 ga Yuni 1961, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Tutar za ta yi ma'ana a can ko wace rana aka ɗaga ta.

Baban Hafsa:
Allah ya ƙara sani, Malam. Bayanin fadama ya shige ni. Sai dai ina so in fahimta, idan muka ɗauki jagora muka bi doron tudu kamar yadda ka ce, ashe ba mun kauce wa matsalar ba ke nan? Hutun da muke da shi a wurin aiki na wannan lokaci ne.

Maman Sadik:
Malam Baban Hafsa, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fi damuna ba nutsewa a laka ba ne, jiƙewa ce. Ko da jagora, ba za ku kai sama a bushe ba. Ciyawar ƙarshen damina tana kai wa mutum ƙirji, raɓar safiya kaɗai ta isa ta jiƙa wando sharkaf, ga tsallaka ƙorama, ga ruwan la'asar. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka hau, kuma tsakanin Kano da ƙololuwar nan akwai kusan mita 2,000. Jiƙaƙƙen kaya yana zuƙe ɗumin jiki da sauri, balle a wurin da babu itacen da zai tare iska. Mutum yana fara makyarkyata, sai yatsunsa su kasa ɗaure igiyar takalmi, sai magana ta fara sarƙewa, ya riƙa tuntuɓe, ya ce a bar shi ya ɗan kwanta. Abokan tafiya sukan ɗauka gajiya ce. Idan aka ga haka a tsaya nan take, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a sa masa busassu, a raba shi da ƙasa da iska, a ba shi shayi mai zafi da sukari idan yana iya haɗiya.

Shi ya sa duk wanda zai je, a kowane wata, ya ƙulle kayan kwana da bargo da safa da ashana a cikin leda biyu, kada ya taɓa su sai an kafa tanti. Wandon jins da rigar auduga ba na wannan tafiya ba ne, domin idan suka jiƙe ba sa bushewa. Ƙafa kuma, idan ta wuni ta kwana a jiƙe cikin takalmi, fata takan yi fari ta yi laushi ta fara tsagewa. Kowane dare a wanke ta, a tsane ta sosai har tsakanin yatsu, a duba ko kaska ta kama. Ruwan ƙorama kuwa, komai haskensa, a tafasa shi, saboda shanu suna sha a samansa.

Ina ƙara da tsawa. Hadarin ƙarshen damina da aradu yake zuwa, kuma mutumin da ke tsaye a kan tudu mara itace, riƙe da sandar tuta, shi ne abu mafi tsayi a wurin.

Sarkin Yawo:
Hajiya, na karɓi maganar sanyi da tsawa. Amma tunda an ambaci shanu, ni a ganina rabin lakar nan su ne suke kawo ta. Duk inda garke ya bi sai ya dame ƙasa, mashaya ta zama caɓi, sannan da rani a banka wa ciyawa wuta. Wurin nan gandun daji ne na ƙasa mai suna Gashaka-Gumti, an kafa shi a 1991, shi ne mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000. Me ya sa ake barin kiwo a ciki? Da babu shanu da hanyar ba ta lalace haka ba.

Jikan Arɗo:
Ƙanena Sarkin Yawo, da babu shanu da babu hanyar ma gaba ɗaya. Turbar da kowane baƙo yake bi zuwa saman nan kofato ne ya fitar da ita, makiyaya kuma suka san inda take. Kakanninmu suna kiwo a kan waɗannan tsaunuka tun kafin a yi dokar gandun daji, abin da ya kai su can kuwa shi ne ciyawa da ruwa da kuma tsira daga ƙudan tsando da ke ƙasa. Da aka zo kafa gandun an san da mutane a ciki, shi ya sa aka keɓe wasu wurare irin su Filinga da Sabere da Chappal Hendu, inda aka yarda a zauna a yi noma da kiwo.

Ba na musun cewa mashaya tana damewa, kuma ba na musun cewa wuta tana cin bakin kurmi idan aka sa ta a makare, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau. Wannan abu ne da mu kanmu muke magana a kai. Amma fadamar ƙasan kwari ba saniya ce ta yi ta ba, Malam ya riga ya faɗi yadda take samuwa. Makiyayi ya fi kowa gudunta, domin shi ne yake kwana da mutane da igiya yana jan saniyar da ta kafe har ciki, wani lokaci a fito da ita ƙafa a karye, sai wuƙa.

Ga abin da yaron kiyo ya sani. Ba a taka wurin da ciyawarsa ta yi gajere ta yi kore fiye da ta kewaye. Ana taka gindin ciyawa mai tauri, wadda ta yi dunƙule ta ɗago sama, daga wannan zuwa wancan. Sanda tana gaba, ƙafa tana biye, inda sanda ta shige babu tirjiya ba a sa ƙafa. Inda aka ga sawun shanu ya rabu biyu ya zagaye wani fili, a bi sawun. Idan kuma an faɗa, kada a yi ta fizgar ƙafa, lakar ƙara riƙewa take yi, takalmi ya tsaya a ciki. A sauke jaka, a kwanta a kanta ko a kan sanda, a zaro ƙafa ɗaya a hankali, sannan ɗayar, a koma ta inda aka fito. Mutane kuma kada su taru a wuri ɗaya wajen ceto, ɗaya ya miƙa sanda daga inda ƙasa take da ƙarfi.

Abin da ya fi laka haɗari a wurinmu shi ne hazo. Da damina gajimare yana sauka a kan tudu cikin ɗan lokaci, ka daina ganin wanda ke gabanka, kuma duk tudun kamarsu ɗaya. A irin wannan hali mu kanmu tsayawa muke yi.

Malamin Labarin Ƙasa:
Jikan Arɗo ya yi adalci da ya ambaci wuta da kansa, ni ma zan ƙara abu ɗaya domin masu hawa su san nasu alhakin. Fadamun nan da kurmin da ke bin ƙoramu su ne suke riƙe ruwan damina su riƙa sakinsa sannu a hankali da rani. Daga waɗannan tsaunuka kogin Taraba da kogin Donga suke samun ruwa, su kuma su zuba a Binuwai. A cikin dazuzzukan gandun ne kuma ake samun birin nan cimfanzi, irin da babu shi sai a Najeriya da Kamaru. Ayarin baƙi da ya ratsa tsakiyar fadama da damina yana huda saƙar saiwoyin, ruwa ya sami hanya, shekara ta zagayo wurin ya zama kwazazzabo. Haka nan masu saran itace a bakin kurmi domin hura wutar kwana, da masu barin leda da gwangwani a sama. Ba makiyayi kaɗai ake tambaya ba.

Alaramma:
Jama'a, Allah ya saka da alheri. Tunda masu tafiyar Musulmi ne, kada a manta da salla a cikin lissafi. Malamanmu ba su bar wannan mas'ala ba. A cikin Risala an yi bayanin matafiyin da lokacin salla ya riske shi a cikin taɓo, bai sami inda zai yi sujada ba: zai yi salla a tsaye, ya yi nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u yin ƙasa. Ga kuma rangwamen ƙasaru ga matafiyi, da taimama ga wanda yake tsoron ruwa zai cutar da shi. To amma rangwame na wanda lalura ta same shi ne. Wanda yake da zaɓin lokaci, aka kuma gaya masa akwai haɗari, ya kamata ya duba har da haƙƙin waɗanda za su ɗaukar masa kaya, domin su ma rayuka ne, kuma sau da yawa buƙata ce take sa su amsa tafiyar da su da kansu ba za su yi ba.

Ɗan Serti:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda yake mani ciwo. Na taɓa ganin wani mai shirya tafiye-tafiye ya kawo baƙi cikin damina, kowannensu da rigar ruwa da takalmi mai tsada, 'yan dakon kuwa da silifas da buhu a ka. Da dare baƙi suka shiga tanti, yaran suka kwana a ƙarƙashin leda, gari ya waye ɗayansu ba ya iya taka ƙafa, kuma a kan kuɗin da aka yi alkawari sai da aka yi ta ja-in-ja. Duk wanda zai je, a yi ciniki a gaban mai gari tun kafin a tashi, a lissafa abincinsu da wurin kwanansu da takalmin roba a cikin kuɗin tafiya.

Game da lokaci, ga inda nake ganin za a haɗu da Sarkin Yawo. Ba dole sai Janairu ba. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ruwa ya ɗauke, ƙoramu sun ja baya, ciyawa ba ta gama bushewa ba, buji bai yi kauri ba, yawancin wuraren ba a sa wuta ba tukuna. Fadama tana nan da ruwanta, ba a raina ta, amma bakinta ya yi tauri, mashigai sun bayyana. Dare kuwa ya fi na damina sanyi, don haka maganar Maman Sadik tana nan daram.

Sarkin Yawo:
Idan Nuwamba ce ban da ja, domin korena yana nan. Amma ina nan a kan bakana cewa a tafi da taswira a waya. Ba don a ja layi ba, na bar wannan, sai don a riƙa adana sawun da aka bi, idan hazo ya sauka a san ta inda aka fito. Baban Hafsa, idan akwai wuri a ayarinku ina so.

Baban Hafsa:
Akwai wuri, ƙanena. Na yi magana da abokan tafiya, biyu daga cikinsu sun so a tafi yadda aka tsara, amma da na karanta masu bayanin Maman Sadik da na Jikan Arɗo sun sauko. Za mu nemi a mayar mana da hutu ƙarshen Nuwamba. Saura tambaya ɗaya, Malam Ɗan Serti: jagora a Serti za mu ɗauka ko sai mun isa Njawai?

Ɗan Serti:
Duka biyun. Ku fara tsayawa a hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti da ke Serti, ku karɓi izini, ku ji halin tsaro da halin hanya na wannan makon, su haɗa ku da ma'aikacinsu. Idan kun isa Njawai ku gaida mai gari, shi zai ba ku mutumin da ya san mashigan ƙoramu na bana, domin mashigi yana canzawa bayan kowace damina. Kowa ya riƙe katin shaidarsa a jiki, saboda dutsen a kan iyakar Kamaru yake. Ku ƙara kwana ɗaya a lissafinku saboda hazo, ku kuma bar wa wani a Nguroje ranar da ya kamata ya ji daga gare ku. Idan lokacin ya matso ka yi mani magana, zan tambayi masu saukowa daga sama ko ruwa ya ɗauke.